Rabuwar da Babu Biko

A watan Agustan 1962 kamfanin Decca ya fitar da wani babban faifai a Amurka mai suna Sentimentally Yours. Waƙoƙi goma sha biyu ne a cikinsa, kusan dukkansu kukan zuci ne na macen da masoyi ya juya wa baya. Mai waƙar, Patsy Cline, sai bayan wata guda da fitarsa ta cika shekara talatin. Shi ne babban faifanta na uku, kuma ba ta ga fitar na huɗu ba. Ranar da ya shiga kasuwa, wata bakwai ya rage mata a duniya.

Wanda ya tashi da rediyo a arewacin Najeriya a shekarun 1970 da 1980 ya san irin wannan kiɗa ko da bai san sunansa ba. Shi ne kiɗan kantiri, na su Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton, wanda ake sawa a filin zaɓen masu sauraro, ana kuma jinsa a kaset. Asalinsa kiɗan talakawan karkara ne na kudancin Amurka, goge da jita da labarin wahala. Patsy Cline na cikin matan da suka share wa 'yan baya hanya a wannan fage, lokacin da maza ne ke riƙe da shi.

An haife ta ranar 8 ga Satumba 1932 a garin Winchester na jihar Virginia, sunanta na yanka Virginia Patterson Hensley. Tana 'yar shekara goma sha biyar mahaifinta ya tafi ya bar su. Mahaifiyarta Hilda tela ce, da keken ɗinki ta riƙe gidan, kuma ita ta riƙa ɗinka wa 'yarta kayan hawa dandamali. Patsy ta bar makaranta ta kama aiki a kantin magani don a samu na cefane, da dare tana waƙa duk inda aka ba ta dama. Ta fara suna a 1957, sannan abubuwa suka tsaya cik na wasu shekaru. Sai a 1961 ƙofa ta buɗe mata sosai. Idan aka lissafa, ɗaukakar da ta gani da idonta ba ta wuce ta shekara biyu ba.

Shi faifan, yawancin abin da ke cikinsa tsofaffin waƙoƙi ne da ta ɗauko ta sake rerawa, wasu ma sun girme ta. Owen Bradley, wanda ya tsara kiɗan, ya tausasa shi da piyano da 'yan amshi maza da ake kira Jordanaires, ya bar muryarta a gaba, murya mai kauri da takan karye daidai inda zuciya ke karyewa. Akwai waƙoƙin Hank Williams a ciki, mutumin da aka tarar ya cika a kujerar bayan mota ranar 1 ga Janairun 1953, a kan hanyarsa ta zuwa wasa, yana da shekara 29. Wato tana rera kalmomin wanda bai kai talatin ba, ita kuma ba za ta wuce talatin ba.

Wadda ta fi fice a faifan ita ce "She's Got You", wadda Hank Cochran ya rubuta. Mace ce ke lissafa abubuwan da masoyinta ya bar mata, hoto da faya-fayai da zobe, duk suna nan yadda suke, shi kuwa wata ta tafi da shi. Waƙar tana da zafi, ba na musun haka. Amma duk sanda na saurare ta, abin da ke tsaya mini a rai shi ne mutumin da ake kuka a kansa yana raye. Za a iya cin karo da shi a hanya, zai iya yin nadama ya dawo ya ƙwanƙwasa ƙofa. Rabuwar da faifan ke kuka a kai daga farko har ƙarshe irin ta yaji ce, wadda ake tura manya su yi biko. Akwai kuma rabuwar da babu biko a cikinta, kuma ita ce ke tafe wa mai waƙar a daidai lokacin da mutane ke sayen faifan suna share hawaye saboda ƙaramar rabuwa. Mu ma haka muke. Mukan ƙare ƙarfinmu a kan wanda ya ɓata mana, mu yi shekara muna gaba da ɗan'uwa, muna ɗauka akwai sauran lokacin sulhu, kamar wani ya ba mu takardar shaida cewa mu da shi za mu kai baɗi.

Ba a ce gargaɗi bai zo mata ba. Ranar 14 ga Yunin 1961 motar da take ciki tare da ƙanenta ta yi taho-mu-gama da wata a Nashville. Ta bugi gilashin gaba, goshinta ya tsage, ta yi kusan wata guda a asibiti. Da sandunan dogarawa ta shiga ɗakin ɗaukar waƙa ta rera "Crazy", wadda Willie Nelson ya rubuta, haƙarƙarinta na ciwo. Daga nan har ƙarshen rayuwarta tana rufe tabon da gashi da kwalliya. A wannan shekarar, tana da 28, ta rubuta wasiyya da hannunta a kan takardar wani kamfanin jirgin sama. Ƙawayenta mawaƙa, irin su Loretta Lynn da Dottie West, sun ba da labari daga baya cewa takan ce ba ta jin za ta daɗe, har ta riƙa rabar da wasu kayanta. Ban ɗauki wannan a matsayin sanin gaibu ba, don babu mai wannan sani. Mace ce da ta leƙa mutuwa kusa, ta gaskata abin da ta gani, ta yi aiki da shi. A wurinmu kuwa, ka ce wa magidanci mai shekara hamsin ya rubuta wasiyya, ya bayyana bashin da ke kansa da wanda yake bi, sai ya ce kana yi masa fatan tsiya.

Tafiyarta ta ƙarshe tafiyar jaje ce. Wani mai gabatar da shiri a rediyo, Jack Call, ya rasu a haɗarin mota, sai mawaƙa suka shirya wasa a Kansas City ranar 3 ga Maris 1963 don tara wa iyalinsa kuɗi. Patsy ta je tana fama da mura, ta hau dandamali sau uku a ranar. Washegari hazo ya hana jirgi tashi. Dottie West ta ce ta zo su koma Nashville a mota, ta ƙi, tana ganin jirgi zai fi saurin kai ta wurin 'ya'yanta. Ranar 5 ga wata suka tashi a ƙaramin jirgi su huɗu: ita, da mawaƙa biyu, Cowboy Copas da Hawkshaw Hawkins, da manajanta Randy Hughes wanda shi ne matuƙi. Suka sauka a Dyersburg shan mai. Mai kula da filin jirgin ya ba su shawarar su kwana saboda yanayin sama ya ɓaci. Hughes bai da horon tuƙi da na'ura kaɗai idan gari ya rufe, amma gida ya yi kusa, sai suka tashi da ƙarfe shida da 'yan mintoci na yamma. Ba su yi rabin sa'a a sama ba jirgin ya faɗi a daji kusa da Camden, a jihar Tennessee. Babu wanda ya fita.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, haka ne, amma yana zuwa da sababi, kuma sababin a nan gaggawa ce da ƙin jin shawarar wanda ya san sama. Dare ɗaya aka ce su ƙara. Direbobinmu da ke cewa a daure a ƙarasa cikin dare tunda an kusa, da mu fasinjojin da ke zuga su, ya kamata mu tsaya a kan wannan. Wadda ta yi mata tayin mota ma, Dottie West, raunin haɗarin mota ne ya yi ajalinta a 1991, a kan hanyar zuwa wasa a Nashville.

Abin bai tsaya a kan mutum huɗun nan ba. Bayan kwana biyu, mawaƙi Jack Anglin ya kama hanyar zuwa taron addu'ar da aka shirya wa Patsy, motarsa ta ƙwace, ya mutu bai isa ba. An je yi wa iyalin wani jaje an zama abin yi wa jaje, mai zuwa wannan jajen shi ma ya bi. Duk wanda ya taɓa jin labarin motar 'yan ta'aziyya da ta kife a hanyar dawowa ya san wannan ba baƙon abu ba ne. Muna zama a wurin makoki muna kallon kanmu a matsayin masu gaisuwa, ba ma kawo wa ranmu cewa tabarmar da muke kai ana iya shimfiɗa ta saboda mu kafin mako ya zagayo.

Waƙoƙin da ta ɗauka a watan Fabrairun 1963, wata guda kafin haɗarin, sai bayan an binne ta a Winchester suka fito. Faifan da aka tattara fitattun waƙoƙinta a 1967 ya sayar da kwafi sama da miliyan goma. A 1973 ta zama mace ta farko mai waƙa ita kaɗai da aka sa sunanta a zauren karrama gwanayen kiɗan kantiri. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ta ji labarinsa ba. Gidan da ta saya a 1962 kusa da Nashville, wanda ta daɗe tana buri, ba ta cika shekara a cikinsa ba. Ta bar 'ya mai shekara huɗu da ɗa mai shekara biyu. Mijinta Charlie Dick ya rayu har 2015. Mahaifiyarta Hilda, wadda a lissafinmu na 'yan Adam ita ya kamata ta riga ta, ta yi shekara talatin da biyar a duniya bayan 'yarta, sai a 1998 ta rasu.