Gayyar da ba a ramawa

A Ɗan Gulbi, cikin gundumar Dakoro, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, wanda aiki ya fi ƙarfinsa gayya yake kira, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maƙwabta su zo su kwaɓa ƙasa, su jera tubali, mai gida ya fito da fura da goro. Ba a biyan kowa, amma babu wanda ya yi aikin banza: duk wanda aka yi wa gayya ya ci bashi, ranar da aka kira shi kuwa ba shi da bakin cewa a'a. Wannan bashin shi ke riƙe da gari. Shi ne ma Seyni Kountché ya jingina da shi bayan 1974, sa'ad da ya farfaɗo da samariya, matasa suka riƙa gina azuzuwa da gyara hanyoyi da hannunsu.

To, ina matsayin baƙon da ya tsallako teku ya shiga wannan layi? Tambayar ba sabuwa ba ce. Ƴan sa-kai na Peace Corps, ƙungiyar da shugaban Amurka Kennedy ya kafa a 1961, sun fara zuwa Nijar a 1962, ba su bar ta ba sai a Janairun 2011, bayan sace Faransawa biyu a Yamai. Faransa da Japan ma sun turo nasu. Da yawa sun zauna shekara biyu a ƙauyukan jihar Maraɗi, sun koyi Hausa, an raɗa musu sunan gida.

Masu sukar wannan aiki suna da hujja mai ƙarfi. Saurayin da bai taɓa riƙe cebur ba, me zai koya wa maginin da ya gaji sana'ar daga kakansa? Kuɗin jirginsa kaɗai sun isa su biya magina da yawa. Sai dai mai wannan suka ya tuna da gobarar Nuwamban 2021 a Maraɗi, inda yara fiye da 20 suka ƙone cikin azuzuwan zana. Uwar da ɗanta ke karatu ƙarƙashin kara ba ta damu da launin hannun da ya aza siminti ba, kuma ita ce da gaskiya.

Matsalar tana wani wuri, ba a ƙwarewa ba. Baƙo raɓa ne. Ya yi wa gari gayya, amma gari ba zai taɓa zuwa ya ɗora masa jinka ba. Alherin da ba a iya ramawa kuwa nauyi ne: ko ya mai da mai karɓa ɗan jiran tsammani, ko ya sa shi ya ƙi ɗaukar abin a matsayin nasa. Shi ya sa ake jin ana cewa “rijiyar Nasara” ko “ajin ƴan furoje”. Sunan kansa hukunci ne. Ginin da ake kira da sunan wanda ya tafi, in kwano ya yaye, shi ake jira ya dawo.

Ɗan sa-kan da ya gane wannan yakan sauya matsayi. Ya bar dattawa da iyayen yara su yanke abin da za a gina da inda za a gina shi, ko da zaɓinsu bai yi masa daɗi ba. Ya tsaya a bayan magini yana miƙa masa tubali. Abin da ya fi wuya, ga wanda ya zo da niyyar bayarwa, shi ne ya karɓa: ya sha furar da aka dama masa ba tare da ya laluba aljihu ba, ya yarda an yi jinyarsa lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi, ya amsa cewa harshen da ya koya da haƙurin da aka yi da shi sun fi kwandunan ƙasar da ya ɗauka daraja. Ta haka gari ke samun hanyar biyan bashinsa tun baƙon bai tafi ba.

Ba ranar buɗe gini ake gane ko an yi hakan ba. Sai damina ta wuce, ruwa ya zaizaye gindin bango, baƙon yana can ƙasarsu, a ga ko akwai wanda zai aika yaro ya kira mutane yaɓe.