Dokar wasa da dokar ƙasa

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo tsakanin masu rubuta manhajar kwamfuta, wanda ya cancanci malamai su tsaya su auna shi. Suna cewa yadda suke gudanar da ayyukansu a fili, kowa na iya karantawa, kowa na iya kawo gyara, haka ya kamata a tafiyar da mulkin jama'a. Tambayar ita ce: ina wannan kwatanci ya yi daidai, ina kuma ya gaza?

Mu fara da mutumin da ya mai da rubutun manhaja batun ɗa'a. A 1983 Richard Stallman, Ba'amurke da ke aiki a cibiyar MIT, ya sanar da aikin GNU. A 1985 ya kafa gidauniyar manhaja mai ƴanci. A 1989 kuma ya fitar da lasisin GPL. Kowace manhaja tana da tushen rubutu, wato jerin umurnin da ɗan Adam ya tsara kafin a juya shi zuwa abin da na'ura kaɗai ke fahimta. Kamfanoni sukan sayar da manhajar su ɓoye tushen. A ganin Stallman, wanda ya riƙe tushen ya riƙe akalar mai aiki da manhajar. Don haka ya tsaya kan ƴanci huɗu: a yi aiki da ita yadda ake so, a karanta tushenta a gyara, a raba ta ga wasu, a kuma raba wadda aka gyara. Sharaɗin lasisin shi ne, duk wanda ya karɓa da wannan ƴanci, da shi zai miƙa ta gaba.

A fagen wasa ne maganar ta fi fitowa sarari, domin idan aka cire doka daga wasa babu abin da ya rage. Masu buga dara a gindin bishiya sun san dokarta su duka. In an saɓa, sai a yi gardama a daidaita, ƴan kallo su shaida. A wasan kwamfuta kuwa alƙalin yana ɓoye cikin na'ura, yana yanke hukunci ba tare da ya faɗi hujjarsa ba. Lokacin da John Carmack da kamfanin id Software suka saki tushen wasan Doom a 1997, suka kuma sanya shi ƙarƙashin GPL a 1999, sun fito da alƙalin nan fili ne. Masu sha'awa suka gyara kurakuransa, suka ɗora shi kan na'urorin da ba a ƙirƙira ba a lokacin da aka rubuta shi. Wasan da ya fito a 1993 har yau ana buga shi.

Wasan Freeciv, wanda ɗalibai uku na jami'ar Aarhus a Danmak suka fitar a 1996, ya fi kusa da batunmu. A cikinsa mai wasa yana gina birane, yana iya sauya salon mulki daga kama-karya zuwa sarauta, ko jamhuriya, ko dimokuraɗiyya. Amma kafin sabon mulki ya zauna, sai ƙasar ta ratsa ƴan zagaye na zaman kara-zube, arzikin biranenta ya ja baya. Tsawon wannan lokaci lamba ce da masu wasa ke iya sauyawa, sauran dokokin ma suna rubuce inda kowa zai iya buɗewa ya taɓa. Yaron da ya gano haka ya koyi babban darasi: doka aikin hannun mutane ce, abin da hannu ya rubuta kuwa hannu yana iya gyara shi.

Har nan masu manhaja suna da gaskiya. Suna kuma da misalan yadda shugabanci ke sauyawa a cikinsu. Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiri harshen Python, ya daɗe ana yi masa laƙabin mai kama-karya na alheri har ƙarshen rayuwa. A 2018 ya sauka da kansa, a 2019 aka zaɓi majalisar mutum biyar ta maye gurbinsa. A 2010 kuma, da aka miƙa sunan wasan Nexuiz ga wani kamfanin kasuwanci, yawancin masu aikinsa suka kwashi tushen rubutun suka ci gaba da shi da sunan Xonotic. Wannan dama ta raba gari ita ce linzamin da ke bakin kowane shugaban aiki: ya san in ya ƙi sauraro, ranar da zai waiwaya ba zai ga kowa a bayansa ba.

To, a nan ne kwatancin ya fara ɗingishi. Kwafar manhaja kamar ɗibar wuta ce a maƙwabta: kai ka samu, mai murhu bai rasa komi ba. Ƙasa ba haka take ba. Mutanen Maraɗi sun fi kowa sanin wannan. A farkon ƙarni na 19, bayan birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, gidan sarautar ya yi arewa ya zauna a Maraɗi, ya riƙe sunan Sarkin Katsina. Sun tafi da sarauta, amma ganuwa da gonaki da kaburburan kakanni suna nan inda aka bar su, yaƙe-yaƙe kuma suka biyo baya shekara da shekaru. Mai wasan Freeciv da juyin mulki ya ɓace masa yana iya komawa inda ya ajiye wasan jiya ya sake gwadawa. Uwar da ta rasa ɗa a tarzoma ba ta da wurin komawa.

Akwai gaza ta biyu. Ƴancin gyara tushe yana amfanar wanda ya iya karanta shi ne kai tsaye. Sauran jama'a sun dogara ga ƴan ƙalilan ɗin da suka iya, kamar yadda mai ƙara ke dogara ga tafinta a gaban alƙali. Ana iya buga kundin doka a manna a kowace ƙofa, ya zama a rufe yake ga wanda bai iya karatu ba, ko wanda ba a rubuta shi da harshen da yake ji ba. Buɗe ƙofa rabin aiki ne; sauran rabin yana hannun makaranta.

Abin da za mu ɗauka daga masu manhaja, a ganina, ɗabi'u uku ne da kowace ƙungiya za ta iya somawa da su gobe. A rubuta doka inda kowa zai gani. A karɓi gyara saboda ingancinsa, ko daga bakin ƙaramin cikinmu ya fito. A ajiye tarihin kowane sauyi: wa ya kawo shi, yaushe, don me. Ƙungiyar malamai ko ta ƴan wasan kwaikwayo da ke riƙe da littafin kuɗinta da dokokinta a kan wannan tsari ta fi ƙarfin zargi da raɗe-raɗi.

Abin da ba za su iya koya mana ba shi ne haƙurin zama da wanda ka saɓa da shi, a gari ɗaya, kuna sha a rijiya ɗaya. Mai manhaja in ya gaji yana da ƙofar fita. Ɗan ƙasa yawanci muryarsa kaɗai gare shi, sai kuma kunnen da zai saurari ta ɗan uwansa. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Aikin siyasa yana farawa ne daga inda aka saɓa aka kuma ci gaba da zama.