Makullin da Ba Ya Tambayar Mai Shi

A rumfata ta Black Market, cikin Adjamé, ina gyaran makullin mota mai rimot. A 1982 kamfanin Renault ya sa irinsa a motar Fuego. Paul Lipschutz ne ya ƙirƙiro makullin, daga sunansa ne Faransawa ke kiransa "plip". Wancan da haske marar ganuwa yake aiki. Na yanzu saƙon rediyo yake aikawa, lambar sirrinsa na sauyawa duk dannawa.

Abin da ke damuna, mota ba ta san mai ita ba, lamba kawai ta sani. Rannan wani saurayi ya zo daga Treichville, wai makullin maigidansa ya ɓata. Na nemi takardar mota, ya ce, "Haba Malam, ba ka yarda da ni ba?"

Addini ya hana mu mummunan zato, ya kuma hana taimakon ɓarna. To, wanne zan riƙe? Abokin aikina cewa yake maƙeri ba ya ɗaukar zunubin wuƙa. Ban gamsu ba. Maƙeri wuƙa yake ƙerawa don kowa, ni kuwa ƙofa ɗaya tak nake buɗewa.

Na ce ya dawo da takarda bayan La'asar. Har yau shiru.