Maganar da Ba Ta Bi Iska Ba

  Idan muka tsaya muka yi tuntuntuni a kan sautin da ke fita daga bakin mutum, za mu tarar kaɗan ne abin da ya kai shi saurin gushewa, domin ƙarshen kalma bai gama fita ba farkonta ya riga ya ɓace. Amma cikin rahamar Mai Duka, ɗan ɗigon tawada kan kama wannan abu mai gudu ya zaunar da shi, har a wayi gari maganar da wani dattijo ya yi a majalisa a Kaduna shekaru saba'in da suka shige, wani saurayi ya buɗe littafi ya same ta tana nan daram, mai ita kuwa ƙasa ta daɗe da rufe idonsa.

Mu mutanen wannan yanki na Ikara da Makarfi da Kudan, masu noman rake da masara da tumatir da barkono, mun san abin da damina ke zuwa da shi bayan albarkar ruwa. Mun san uwar da kan goyo ɗanta da sassafe, jikinsa zafi rau, ta taka caɓi har ƙaramin asibitin mazaɓa, katin rigakafinsa a naɗe cikin leda kada ruwa ya taɓa shi. Takan zauna a benci tana fifita shi da bakin mayafi, idonta a kan ƙofar ɗakin malamar asibiti. Abin da za ta tarar bayan wannan ƙofa, ko da akwai tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro, ko firjin allura na da sanyi, ko ungozoma ta kwana a bakin aiki, kusan dukkansa ya faro ne daga magana, wadda wasu mutane suka yi a wani zaure mai nisa, suka yi jayayya a kanta, suka kaɗa ƙuri'a, aka rubuta. Allah ne Mai warkarwa, babu tantama, amma Ya sanya wa kowane abu sababi, kuma daga cikin sabubban lafiyar wannan yaro har da abin da wakilansa suka furta da sunansa.

Addininmu ya riga ya koya mana darajar rubuta alkawari. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, can ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da adalcin marubuci, da kafa shaidu. Idan an nemi haka a kan bashin da ke tsakanin mutum biyu, ina ga bashin da shugabanni suka ci a wuyansu game da jarirai waɗanda ba su da bakin biyo shi? Malaman tarihi sun ruwaito cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya kafa diwanin rabon dukiya, ya ji kukan wani jariri da dare, da ya bincika sai ya gano uwar tana gaggawar yaye shi ne saboda ba a yanka wa yaro kaso daga baitulmali sai an yaye shi. Abin ya girgiza shi ƙwarai, ya sauya hukuncin, ya sanya kaso ga kowane abin haihuwa. Kukan yaro ɗaya ya gyara dokar daula, kuma mun san haka ne a yau saboda an samu waɗanda suka kiyaye labarin suka rubuta.

Kundin muhawarar majalisa, wanda ake kira Hansad, ya samo sunansa daga Thomas Hansard, wani mai ɗab'i a Ingila da ya riƙa buga muhawarar majalisar ƙasarsu a farkon ƙarni na 19, kuma majalisunmu sun gaji tsarin da sunan. Mai bincike zai ci karo da takardu iri uku, kuma rashin bambance su kan sa a sha wahalar banza. Akwai jadawalin zama, wanda ke nuna abin da aka shirya tattaunawa a ranar. Akwai taƙaitaccen bayanin abin da aka yanke, wanda ake amincewa da shi a zama na gaba. Sai shi kansa Hansad, wanda ke ɗauke da magana baki da baki, wane ya tashi, me ya ce, wa ya katse shi, yaya aka amsa masa. Na tsohuwar Majalisar Jihar Arewa, wadda ta zauna a zauren Lugard Hall inda Majalisar Dokokin Jihar Kaduna mai kujeru 34 ke zama a yau, ana neman su a wurare irin su Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello. Wanda ya taɓa riƙe irin waɗannan littattafai ya san takardunsu sun yi ja, gefensu na marmashewa, sai an juya shafi da lallami kamar ana ɗaga jinjiri. A irinsu ne aka adana jawabin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi a 1950 yana neman a gyara mulkin En'e, wanda ɗalibai ke komawa gare shi har gobe.

Mu ɗauki misali guda mu bi sawunsa, domin a nan ne amfanin binciken ke bayyana. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta daɗe tana kai da komowa. Majalisar Tarayya ta zartar da ita a 2011 amma ba a rattaba mata hannu ba, aka sake bin matakanta daga farko, sai a 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu. A cikinta aka kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, aka ce a riƙa zuba masa abin da bai gaza kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba, aka kuma fayyace rabonsa: kashi 50 ga inshorar lafiya, 20 ga magunguna da alluran rigakafi da kayan aiki na yau da kullum, 15 ga gine-gine da na'urori da sufuri, 10 ga horar da ma'aikata, 5 ga taimakon gaggawa. Duk da haka asusun ya zauna fayau har kasafin kuɗin 2018, lokacin da majalisa ta ware masa kimanin naira biliyan 55. Shekara huɗu tsakanin doka da kuɗinta, kuma a cikin shekara huɗu jariri kan zama ɗan makarantar allo. Abin lura gare mu shi ne a duk wannan zango kujerar Sanatan Kaduna ta Arewa a hannun 'ya'yan wannan yanki take, Ahmed Muhammad Makarfi daga 2007 zuwa 2015, sai Sulaiman Hunkuyi daga 2015 zuwa 2019, ga kuma wakilan Makarfi da Kudan, da na Ikara da Kubau, a Majalisar Wakilai. Wanda yake son sanin matsayinsu a kan wannan doka ba ya bukatar jita-jitar tasha, sai ya nemi ranakun karatu na biyu, inda ake muhawara a kan manufar ƙuduri, da rahoton kwamiti bayan an saurari ra'ayin jama'a, ya karanta da idonsa.

Haka sha'anin yake a kan dokar yara. Majalisar Tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003 bayan jayayya mai zafi, musamman a kan shekarun aure, kuma da yake tsarin mulki ya bar wa jihohi wannan fage, sai kowace jiha ta yi tata. Jihar Kaduna ta yi dokar walwala da kare yara a 2018. Mai karanta muhawarar irin wannan doka yana ganin yadda mutane ke fafutikar daidaita addini da al'ada da maslahar yaro, kuma ko bai yarda da kowa ba, zai fito da sanin dalilin kowane sashe, wanda busasshen nassin doka ba ya bayarwa.

Wannan bincike yana da ladubbansa, kuma muna ganin su ne rabin aikin. Malaman hadisi sun gadar mana da ɗabi'ar tambayar wa ya faɗa, yaushe, a gaban wa, kuma me ya gabaci maganar, me ya biyo bayanta. Wanda ya yanko jimla guda daga jawabin ɗan majalisa ya watsa ta a WhatsApp domin ya kunyata shi ya ci amanar rubutu, ko da jimlar gaskiya ce. Wajibi ne kuma mu rarrabe tsakanin kiran da majalisa kan yi wa gwamnati, wanda shawara ce mai nauyi amma ba ta tilasta kowa, da dokar da aka sa wa hannu. Mu rarrabe kuɗin da aka ware a takarda da kuɗin da aka saki, da wanda ya iso asibiti ya zama magani. Rashin ganin sunan wakili a muhawara ma bai isa hujjar lalaci ba, domin aiki mai yawa a ɗakunan kwamiti ake yin sa. Amma idan shekara huɗu ta cika, an duba zaure an duba kwamiti, ba a ga inda ya ambaci mace mai naƙuda ko yaro mai tamowa ba, to mutanensa na da ikon tambayarsa cikin mutunci, ya kuma ba su amsa.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne harshe. Kundayen nan da Turanci suke, uwar da muka bari a benci kuwa da Hausa take kukanta. Alhali tsohuwar majalisar Arewa da Hausa da Turanci ta yi aiki, kuma tsarin mulkin 1999 ya buɗe ƙofa: sashe na 55 ya ambaci Hausa cikin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya aiki da su idan an yi tanadi, sashe na 97 ya ba majalisun jihohi damar ƙara harshen mutanensu idan sun amince. Kafin a kai ga haka, nauyin yana kan waɗanda Allah Ya ba ilimin boko a cikinmu, malaman makaranta da ɗaliban kwalejin kimiyyar lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi, su nemo, su fassara da amana, su karanta wa iyaye a majalisar ƙofar gida da taron kwamitin lafiya na mazaɓa. Wannan zakkar ilimi ce, kuma muna kyautata zaton ba za ta rasa lada ba.

Ba duk takardun ake samu a intanet ba, musamman na jiha, don haka sau da yawa sai an rubuta wa akawun majalisa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai nema. Wasiƙar ta fi tasiri idan gajera ce, an ambaci sunan dokar da shekararta da takardar da ake so, an kuma riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Idan amsa ta zo, sai a ɗauki takardar a tafi da ita asibitin mazaɓa, ɗaya daga cikin 255 da gwamnatin jiha ta ɗauki alkawarin ingantawa, a yi sallama, a gaida malamar asibiti da aiki, a zauna tare da ita a duba layi bayan layi abin da aka faɗa a zaure da abin da ke cikin kabad ɗin magani.