Shin Ana Komawa Jiya?

A cikin shekarar 2000 ta Miladiyya, sa'ad da kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya fitar da manhajarsa mai suna Windows Me, ya sanya a cikinta wata dabara da ya raɗa wa suna System Restore, wadda ta wanzu a cikin Windows XP na shekarar 2001 da sauran waɗanda suka biyo bayansa har ya zuwa yau. Manufarta kuwa ita ce mai kwamfuta a gidansa ya sami ikon kafa wa na'urarsa wani zango a ranar da take lafiya lau, domin in wata rana ta rikice, ko ta riƙa sanƙarewa, ko ta ƙi tashi sam, ya umarce ta ta koma wancan zango, ta kasance kamar yadda take a ranar da aka kafa shi. Masu gyaran kwamfuta sun san darajar wannan abu, don sau da yawa aikin da zai ci musu yini guda yakan ƙare kafin a sha shayi. Amma ni abin da ya ja hankalina gare shi wata mas'ala ce wadda ta girmi kwamfuta da ƙarnoni masu yawa, wadda malaman tauhidi da na tarbiyya suka daɗe suna juya ta, wato shin wanda ya ɓata, ko ya yi ɓarna, akwai wata hanya da za a mayar da shi daidai yadda yake tun kafin ɓarnar ta auku?

Ya kamata mu fara sanin abin nan da kansa kafin mu ɗora hukunci a kansa. Wanda yake da Windows 10 ko 11, in ya nemi tagar da aka rubuta wa System Protection, zai ga jerin faifan ajiyar da ke cikin na'urarsa, a gaban kowane an nuna ko kariyar tana kunne ko tana kashe, kuma ba abin mamaki ba ne ya tarar tana kashe tun ran da ya sayi na'urar, alhali shi yana zaune yana zaton yana da madogara. In ya kunna ta, sai ya ja wani ɗan maɓalli ya ware mata gwargwadon wurin da ya yarda ta ci a faifan, sa'an nan ya danna inda aka rubuta Create, a nemi ya ba zangon suna, ya rubuta abin da zai tuna masa, misali "kafin sa direban firinta", na'urar ta ƙara kwanan wata da sa'a da kanta, ya ɗan dakata minti ɗaya ko biyu, shi ke nan an gama. Muddin kariyar tana kunne, Windows ma yakan kafa irin wannan zango da kansa gabanin ya yi wani babban sauyi.

Abin da ake adanawa a zangon shi ne ginshiƙan na'urar: rajistar da ke riƙe da dukkan saituttukanta, da fayilolin Windows kansa, da direbobi, wato ƙananan manhajojin nan da ke sulhu tsakanin Windows da firinta ko allo ko lasifika, da kuma manhajojin da aka girka. Amma wasiƙun mutum, da hotunansa, da lissafin kasuwancinsa, umarnin komawa ba ya taɓa su, ba ya share wanda aka rubuta jiya, ba ya kuma dawo da wanda aka share shekaranjiya. Bugu da ƙari, zangunan nan a kan faifan na'urar ake ajiye su, saboda haka in faifan ya mutu sun mutu tare da shi. In wurin da aka ware ya cika, tsofaffin ciki ake sharewa domin sababbi su samu. A watan Yuni na 2025 ma kamfanin ya bayyana cewa a sabon zubin Windows 11 zango ba ya wuce kwana 60. Miyagun manhajoji kuwa, irin masu garkuwa da bayanan mutum don neman fansa, da yawansu sukan share waɗannan zanguna tun da wuri, don kada a sami hanyar kuɓuta.

Ba zan tsawaita ba a kan wanda zai ce irin wannan tanadi yana tauye tawakkali, domin riƙo da sababi ba ya cin karo da dogaro ga Allah, kuma Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da hatsin shekaru bakwai na wadata ya ceci Masar a shekaru bakwai na fari. Wanda ya kafa zango a na'urarsa ya yi abin da hankali da shari'a suka yarda da shi.

Inda nake so in tsaya shi ne wata kamanceceniya mai daɗin ji wadda take saurin zuwa bakin mai wa'azi, cewa tuba ita ce zangon komawar ɗan Adam, fiɗirar da aka haife shi a kanta kuma ita ce ranar lafiyar da ake mayar da shi gare ta. Na fahimci kyakkyawar niyyar mai faɗin haka, amma a ganina misalin yana da illa wadda ta fi amfaninsa, domin na'ura da mantuwa take komawa. Bayan an mayar da ita, ba ta da wani labari game da abin da ya same ta, ba ta ƙyamar direban da ya rikita ta, hasali ma masu gyara sun sha ganin na'urar da aka mayar da ita da safe, kafin azahar ta sake janyo wannan direban daga intanet ta girka shi, ta sake faɗawa cikin halin da aka cece ta daga gare shi, sai fa in mai ita ya tsaya ya hana. Ɗan Adam kuwa ba ya tuba sai da tunawa. Duk almajirin da ya buɗe Ahalari a zaure, littafin Shehu Abdurrahman al-Ahalari na ƙasar Aljeriya, tun a shafukan farko yake haɗuwa da sharuɗɗan tuba, wato nadama a kan abin da ya wuce, da niyyar kada a koma, da barin saɓon nan take. To, ta yaya wanda aka shafe masa abin da ya wuce zai yi nadama a kansa, ta yaya kuma zai ƙudurta kada ya koma ramin da bai san ya taɓa faɗawa ba? Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira, ya jera tuba a cikin littafinsa Ihya'u hawa uku, ilimi da hali da aiki, ma'ana sanin cutar zunubi shi ke haifar da raɗaɗin zuciya, raɗaɗin kuma ya haifar da gyara. Matakin farko ke nan na'ura ba ta da shi, kuma da za a cire wa mutum shi, da an cire masa tubar gaba ɗaya.

Akwai kuma makanta a cikin komawar na'ura. Kafin a tabbatar da umarnin, Windows yakan ba mutum damar ganin jerin manhajojin da za su tafi, kuma wanda ya duba jerin zai ga mai cutar da masu amfanin duk a layi ɗaya, laifinsu kawai an girka su bayan ranar zangon. Ba haka Ubangiji yake mu'amala da bayinsa ba. Hakimu ɗan Hizamu ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sadaka da 'yanta bayi da sada zumunci da ya yi tun a Jahiliyya, aka yi masa bushara cewa alherinsa na da ya shigo Musulunci tare da shi.

Na san wani zai kawo mini hadisin da ya daidaita mai tuba da wanda ba shi da zunubi, ya ce ai wannan ita ce komawar da nake musu. Amsata ita ce daidaitawar tana wajen hisabi da uƙuba, amma ba ta nufin abin da ya auku ya zama bai auku ba. Dubi babanmu Adamu: Alƙur'ani ya ba da labarin an karɓi tubarsa, a cikin Suratu Ɗaha ma an ce Ubangijinsa ya zaɓe shi bayan haka ya shiryar da shi, amma duk da haka ba a bar shi cikin Aljannar da yake ba, ƙasa aka saukar da shi, ya ci gaba da tafiya daga inda saɓon ya kai shi. Malamai ma sun yi saɓani a kan ko mai tuba yana komawa darajarsa ta farko, Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 ta Hijira, ya kawo saɓanin, ya kuma ruwaito rarrabewar malaminsa Ibnu Taimiyya, cewa a cikin masu tuba akwai wanda yake komawa matsayinsa, akwai wanda ba ya kai wa gare shi, akwai kuma wanda yake zarce shi saboda karayar zuciya da ƙanƙan da kai da tubar ta gadar masa. Wannan kashi na uku ba shi da wuri a hankalin na'ura, domin iyakar burinta ta zama yadda take jiya.

Ƙissar da ta fi kowace taɓa ni a wannan babi ita ce ta Wahshi, bawan Jubairu ɗan Muɗ'imu, wanda aka yi wa alkawarin 'yanci in ya kashe Hamza, baffan Annabi, ya kuwa laɓe masa a ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, ya jefe shi da mashi ya kashe shi. Bayan buɗe Makka ya gudu Ɗa'ifa, daga baya ya zo Madina tare da manzannin mutanen garin ya musulunta. Buhari ya ruwaito cewa da Annabi ya tabbatar shi ne, bai kore shi daga addini ba, bai kuma ɗauki fansa ba, illa dai ya tambaye shi ko zai iya kau da fuskarsa daga ganinsa. A nan ga gafara cikakkiya, ga kuma rauni da bai gushe ba, su biyun a majalisi guda. Musulunci ya shafe zunubin, amma Hamza yana cikin kabarinsa a gindin Uhudu, zuciyar ɗan ɗan'uwansa kuma zuciya ce ta ɗan Adam. Abin da Wahshi ya yi da wannan nauyi shi ne darasin: bai nemi a manta ba, bai kuma yanke ƙauna ba, sai ya ɗauki mashinsa ya fita yaƙin Yamama a zamanin halifancin Abubakar, ya jefi Musailamu maƙaryaci da shi, yana fatan wannan ya zama ramuwa ga wancan. Gyaran da ya samu a gabansa ya same shi, da aiki sabo, yana ɗauke da sanin abin da hannunsa ya aikata.

Wuri ɗaya ne na ga na'urar ta faɗi gaskiyar da ta dace da shari'a, shi ne iyakar nan da ta ja wa kanta, cewa tana gyara abin da ke tsakaninta da kanta, amma wasiƙar da aka riga aka aika, da kuɗin da aka riga aka tura, sun fita daga hurumin kowane zango. Imamun Nawawi, wanda ya rasu a 676 ta Hijira, ya ambaci sharuɗɗa uku na tuba a littafinsa Riyadus Salihina in saɓon tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, sa'an nan ya ƙara na huɗu in ya shafi haƙƙin mutum, wato a sauke haƙƙin, dukiya a mayar wa mai ita, giba kuma a nemi wanda aka yi gibarsa ya yafe. Istigifarin dare ba ya biyan bashin rana.

Damuwata a nan ita ce ɗabi'ar da na'urorin nan suke shukawa a zukatanmu ba tare da mun farga ba, musamman yaranmu da suka tashi suna ganin kowane kuskure yana da maɓallin janyewa, har ta kai mutum yana sakin magana a kan mutuncin ɗan'uwansa da irin sakacin da yake girka manhaja, yana jin cewa in ta ɓaci sai a goge. Magabatanmu da suka ce magana zarar bunu ce sun fi mu sanin al'amarin. Gaskiya ne WhatsApp yana ba mutum kimanin kwana biyu ya janye saƙon da ya tura, amma janyewar tana ɗauke rubutu ne daga allo, ba ta ɗauke shi daga zukatan mutum ɗari da suka riga suka karanta, balle waɗanda suka ɗauki hotonsa suka watsa gaba. Ga wadda aka yi wa ƙazafi tana shiga gidan biki ana sauke murya, ga wanda ya yi ƙazafin yana kwance da sanyin rai don ya goge.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in kana da kwamfuta a gida, duba kariyar nan yau ka kunna ta, ka kafa zango tun tana lafiya, takardunka kuma ka kwafe su a wani faifai dabam. In kuwa ka san akwai wanda ka ɓata wa suna a wani zauren sada zumunta, kada ka wadatu da gogewa; koma wannan zauren da kanka, a gaban waɗanda suka karanta, ka ambaci sunansa, ka ce abin da ka faɗa a kansa ƙarya ne, sa'an nan ka taka har ƙofar gidansa ka nemi ya yafe maka.