Kuɗin Shinkafa Da Ƙarin Aure

Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya karanta tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello, ya karanta Shari'a a Sudan, ya kuma shugabanci Babban Bankin Najeriya daga 2009 zuwa 2014. A 2017 ya nemi a yi doka a Kano da za ta hana marar hali ƙara aure, saboda yaran da ake haifa a bar wa titi. Aka yi ta ce-ce-ku-ce.

Ni dai a kan sharaɗin hali ina tare da shi. Ci da sutura da muhalli wajibi ne a kan miji, kuma aya ta 33 a Suratun Nur ta umarci wanda bai samu halin aure ba ya kame kansa har Allah Ya hore masa.

Mu nan Augie, da an sayar da shinkafar fadama sai a fara neman ta biyu, alhali bashin taki na nan, yara ba kuɗin makaranta. Ɗan'uwa, kafin ka kai sadaki, ƙirga buhunan da za su fitar da iyalinka damina.

Allah Ya sa mu gane, amin.