Kunne a Ƙarƙashin Teku

Mutanen Garuwa, masu kasa kunne ga sanarwar sakin ruwan madatsar Lagdo, sun san tambayar: neman gargaɗi jayayya ce da ƙaddara?

Bayan bala'in girgizar ƙasa na 2011, Japan ta shimfiɗa tashoshi 150 a ƙasan teku, suna jiyo girgiza kafin ta iso tudu. 'Yan daƙiƙu ne, amma sun isa a taka wa jirgin ƙasa birki.

Amma Tafkin Nyos ba shi da mai saurare a daren 21 ga Agusta 1986. Iskar gas da ta tashi daga cikinsa ta kashe mutum sama da 1,700, shanu a zube. Sai 2001 aka kafa bututun zuƙe ta. Wannan jinkiri sakaci ne, ba tawakkali ba. Sayyadina Umar ma juyowa ya yi daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida na musu.